Gyaran Tsofaffin Kyamarori a Garuruwan Hausawan Sudan

Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya yi gabas da jama'arsa har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, noman auduga ya jawo ƙarin Hausawa zuwa ƙauyukan Jazira. Zuriyarsu ta yi zamani da kyamara mai amfani da fim, wadda aka riƙa ɗaukar hotunan biki da na fasfon aikin hajji da ita. Da kyamarar dijital da wayar hannu suka zo, sai aka jefa tsohuwar cikin akwati. Sai dai Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma mai sha'awa yana iya koyon tayar da ita.

Abin da ya kamata ɗan koyo ya fara sani shi ne, galibin waɗannan kyamarori ba karyewa suka yi ba, datti ne ya ɗaure su. Irin su Pentax K1000, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1997, da Zenit ta Tarayyar Sobiyat, da sifirin da ƙananan haƙoran ƙarfe suke aiki, kamar agogon wani. Batirinsu na ma'aunin haske ne kawai. Saboda haka wanda ya taɓa zama wurin mai gyaran agogo ya riga ya ci rabin hanya.

Yanayin Jazira yana cutar da kyamara ta hanyoyi uku. Na farko, ƙurar guguwar da ake kira habub tana shiga tsakanin haƙora. Na biyu, zafi yana busar da man da ke ciki har ya daskare, sai ƙyauren haske ya riƙa nawa wajen rufewa, hoto ya fito fari fat. Zafin kuma yana narkar da soson da ke toshe bakin murfin baya, haske ya sato ya ƙona fim. Na uku, laimar damina tana haifar da fumfuna a jikin gilashi, wadda idan ta daɗe takan ci fuskarsa, ba sauran magani.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙananan sukudireba, da hantsaki, da auduga, da sifirit, da ƴar robar hura iska. Ana fara hure ƙura kafin a goge gilashi, domin goge shi da ƙura a kai karce shi ne. Sannan a kankare tsohon soso da tsinke, a manna sabo ko baƙin zaren ulu. Kowane ƙusa da aka kwance a ajiye shi bisa tsari a faranti. Babban kuskuren ɗan koyo shi ne tsiyaya man keken ɗinki a ciki, don kuwa yana malalewa ya manne ganyayen ƙyauren. Bayan gyara sai gwaji da fim mai hoto 24 ko 36.

Amfanin wannan koyo ya wuce nishaɗi. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, ya raba dubban iyalai da gidajensu da kayan tarihinsu. Wanda ya iya gyaran kyamara ya kuma san darajar wankakken fim, ya san a ajiye shi a inuwa, nesa da laima, domin daga gare shi ake sake fito da fuskar kakan da hotonsa ya ɓace.