Kwana biyu na ibada: yadda samarin Katolika suke keɓe kansu

A ƙasar Ingila akwai wani ƙauyen manoma, sunansa Walsingam. Wurin ziyara ne na Kiristoci, tarihinsa ya faro daga shekara ta 1061. An yi shekaru da yawa, in watan Agusta ya kusa ƙarewa, samari da ƴammata sukan taru a can, su kafa tantuna a fili. Ibada ce take kawo su. Ƙungiyar da take tara su ana kiranta Matasan 2000.

Mafarin abin

A ƙasashen Turai tsofaffi sun fi yawa a majami'u. Yara da yawa suna barin zuwa da zarar sun girma. Abin ya dami shugabannin addini, don manomin da bai ajiye iri ba, ba shi da shuka baɗi.

A shekara ta 1989 Paparoma Yohana Bulus na 2 ya tara matasa a garin Santiyago na ƙasar Ispaniya. Ya roƙe su su kai maganar addini ga tsaransu. Cikin masu saurare akwai wani saurayi ɗan Ingila, Ernest Williams. Da ya koma gida, ya kafa wannan ƙungiya a 1990. Daga nan ta bazu zuwa Irlan da Jamus da Amurka. Babban aikinta shi ne tara matasa a ƙarshen mako, daga maraicen Juma'a zuwa Lahadi.

Mece ce Yukaristi?

Kalmar daga harshen Girka take, ma'anarta godiya. A lokacin babbar sujadar Katolika, wadda suke kira Misa, limaminsu yana yin addu'a a kan gurasa da ruwan inabi. Gurasar ƴar ƙarama ce, fara, ta garin alkama da ruwa, ba yisti. Ƴan Katolika sun yi imani cewa bayan addu'ar, gurasar ta zama jikin Yesu Almasihu, ruwan inabin kuma jininsa. Shi ya sa suke girmama ta ƙwarai. Mai son ya karɓa yakan bar cin abinci awa 1 kafin lokacin.

Akan ajiye wata daga cikin gurasar. In za a yi mata sujada, sai a sa ta cikin wani mazubi na ƙarfe mai ruwan zinariya. Siffarsa kamar rana ce, da gilashi a tsakiya don kowa ya gani.

Yadda kwanakin suke tafiya

Ran Juma'a da dare ake farawa. Akan kafa wani dandamali na katako a tsakiyar zaure, a jera masa kyandir hawa-hawa, a ɗora mazubin a bisa. Suna kiransa kurmi mai cin wuta, don tunawa da iccen da Annabi Musa ya gani yana ci da wuta bai ƙone ba. Matasa sukan zauna a ƙasa, su kewaye shi.

Da rana akwai wa'azi da waƙoƙin yabo da jan carbi. Akan kasa su ƙungiya-ƙungiya, kowa ya faɗi abin da yake damunsa, ko na gida, ko na lakwal, ko na neman aure. Limamai suna zaune a gefe. Mai laifi a zuciya yakan je wurin ɗaya, ya faɗi zunubinsa, ya nemi gafarar Allah. Dokar addininsu ta hana limamin ya gaya wa kowa abin da ya ji, ko da za a kashe shi.

Da dare ba a barin wurin ba kowa. Akan raba awoyi kamar yadda makiyaya suke raba gadin garke. Waɗansu suna barci, waɗansu suna durƙushe, shiru, ba magana. Ran Asabar da dare limami yakan ɗauki mazubin, ya bi cikin jama'a a hankali, yana sa wa kowa albarka. Ran Lahadi a yi Misa, a sallami kowa.

Wannan tsaro na dare da rana tsohuwar al'ada ce. A birnin Milan na Italiya aka fara ta, wajen shekara ta 1537. Ana kiranta ibadar awa 40, gwargwadon lokacin da Kiristoci suka ce Yesu ya yi a kabari. Musulmi zai tuna da i'itikafi: imanin daban ne, amma a duka biyun mutum yana barin hidimar duniya ya keɓe kansa don Ubangijinsa.

Yaron da suke koyi da shi

Matasan Katolika da yawa suna koyi da wani yaro ɗan Italiya, Karlo Akutis. An haife shi a 1991. Yana son ƙwallo da kwamfuta kamar sauran yara, amma yana yawan zuwa Misa, yana taimakon masu kwana a titi. Ciwon daji na jini ya kashe shi a 2006, yana da shekara 15. A ranar 7 ga Satumba 2025 Paparoma Leyo na 14 ya sa shi cikin waliyyan Katolika.

A Nijar fa?

Ƴan Katolika kaɗan ne a Nijar. Suna da majami'u a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa da Dogonduci. Tun 2001 Maraɗi take da nata bishop. A majami'un nan ma ana ajiye gurasar cikin wani ƙaramin akwati, da fitila tana ci kusa da shi dare da rana.

A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, har an rasa rayuka. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya ga ɗan maƙwabcinsa Kirista zaune shiru a gaban wannan fitila, to, ibadarsa yake yi. Sai a bar shi ya gama, a gaisa a waje.