Ɗalibin da ya nemi kasuwar Birnin Gwari a ɗakin karatu

A ƙarshen shekarar 2024, 'yan makonni bayan Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe karar shanu wadda ta yi kusan shekara goma a rufe, wani ɗan ƙanwata da ke ajin ƙarshe a fannin nazarin kasuwanci a wata jami'a ya zo mini da kuka. An ce ya zaɓi batun kundin kammala karatunsa, shi kuwa ya ƙudurta cewa zai rubuta yadda hatsi da dabbobi ke fita daga garinsu zuwa Kaduna da Funtuwa da ƙasar kudu. Mako biyu ya yi yana safa da marwa a ɗakin karatu, ya fito hannu Rabbana. "Kawu," in ji shi, "babu komai a kan Birnin Gwari sai labarin 'yan bindiga. Abokaina sun ce in haƙura in rubuta a kan tallar kamfanin waya, tunda akwai tsofaffin kundaye da zan duba."

Duk wanda ya taɓa zama a jami'a ya san ma'anar wannan dubawa: a canja sunan kamfani da shekara, a miƙa wa malami. Shi ya sa na ce masa ya zauna mu yi magana.

Ko shakka babu, littattafan da aka koyar da shi masu kyau ne. Littafin Philip Kotler a kan sarrafa harkar saye da sayarwa, wanda ya fara fitowa a 1967, har yau shi ne jagora a azuzuwa da dama, kuma ginshiƙan nan huɗu da ake haddace wa ɗalibai, wato haja da farashi da hanyar kai kaya da talla, suna aiki a Birnin Gwari kamar yadda suke aiki a Amurka. Sai dai Kotler bai san dillali ba, bai san la'ada ba, bai san ɗan ƙwarami da ke sayen masara da kaka ya ajiye har bazara ba. Kuskuren yaron shi ne ya tsaya a kantar da aka rubuta wa kasuwanci, ya kuma yi ta neman sunan garinsu, alhali ilimin kasuwanninmu yana ajiye ne a ƙarƙashin tarihi da nazarin al'umma da tattalin arzikin noma.

Na fara lissafa masa. A 1969 Abner Cohen ya wallafa nazarinsa a kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda ya nuna yadda ake ba mahauta shanu bashi, mai gidan da ya sauki baƙon falke shi ke tsaya masa har a biya. Ciniki ne mai girma da ke tafiya bisa amana, babu banki babu takarda, kuma wanda ya fahimce shi ya fahimci rabin abin da ke faruwa a kowace kara. A 1972 Polly Hill ta fitar da Rural Hausa a kan Batagarawa ta Katsina, ta bi diddigin rumbu da bashi da yadda talaka ke sayar da hatsi da araha da kaka ya dawo ya saya da tsada da damina, har da cinikin da mata ke yi a cikin gida. Paul Lovejoy kuma ya rubuta tarihin fataucin goro a 1980. Irin waɗannan ake nema a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko a Gidan Arewa da ke Kaduna, muƙalun da suka biyo bayansu kuwa ana samun su a rumbun mujallu na JSTOR. Ma'aikacin ɗakin karatu ne zai nuna hanya, amma ɗalibanmu sun ɗauke shi mai gadin littattafai, ba sa tambayarsa komai sai lokacin rufewa.

Akwai kuma Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. A zamanin Turawa Birnin Gwari tana cikin Lardin Zariya, jami'an mulki kuwa, domin haraji da jangali, sukan rubuta yawan mutane da shanu da amfanin gona da kasuwanni. Niyyarsu ta karɓa ce, amma ƙididdigar ta rage mana. Na yau kuma, cibiyar NAERLS ta Zariya tana fitar da rahoton noman damina kowace shekara, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana bayyana farashin kayan abinci, Babban Banki yana da kundin alƙalumansa.

A nan ne na ja masa kunne. Alƙaluman hukuma na jiha ne gaba ɗaya, sun haɗa farashin Kaduna da na ƙauye sun raba daidai, ta haka suka shafe ainihin abin da yake nema. Tazarar da ke tsakanin kuɗin buhun masara a Birnin Gwari da kuɗinsa a Kaduna, a shekarun da direba ke bin hanyar Buruku da Udawa ransa a hannunsa, ita ce kuɗin tsoro, kuma babu teburin da ya ware ta. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako a yankin, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Ina hatsi ya bi a watannin nan? Wa ya ci gaba da ba da bashi, wa ya karye? Manomin da aka tilasta wa biyan kuɗi kafin ya shiga gonarsa a bakin dajin Kamuku, yaya ya mayar da wannan asara cikin farashi? Amsoshin suna bakin sarkin kasuwa da sarkin pawa da dillalai da 'yan kamasho a tasha, mutanen nan kuwa ba su ƙara yarinta. Idan ɗaliban kasuwanci na wannan yanki ba su rubuta ba, nan da shekara ashirin wani zai zo nema ya tarar da yawan waɗanda aka kashe kawai.

Saboda haka ina ganin ya kamata sassan nazarin kasuwanci su riƙa tura ɗalibi wurin ma'aikacin ɗakin karatu tun kafin a amince da batunsa, kundin da ya ƙunshi bayanin da aka tattaro daga kasuwa kuma a sa shi a intanet, a daina jibge shi a sito gara ta cinye. Na kuma gargaɗi yaron kada ya rubuta sunan ko mutum ɗaya da ya yi hira da shi, domin sulhun sabo ne, maganar kuɗi kuwa a wannan daji ta sha jawo wa mutane abin da ba su nema ba.

Ya tafi da hutu. Da ya dawo sai ya miƙo mini wayarsa cike da hotunan wani tsohon littafin lissafi na wani ɗan ƙwarami, mai ɗauke da farashin masara da dawa da sunayen ƙauyukan da aka sayo, shekara bayan shekara. Duk da ajami aka rubuta shi, yaron kuwa, mai shekara huɗu a jami'a, bai iya karanta layi guda ba. Washegari muka ɗauki wayar muka nufi zauren wani alaramma a unguwarmu, shi yana karantawa, yaron yana rubutawa da boko.