Wa zai kai kukan gawayi Majalisar Dokokin Kaduna?

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, ta Buruku da Udawa, ya saba ganin buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran motar da za ta kwashe su zuwa birni. Na daɗe ina ganin cewa wannan sana'a, wadda gidaje masu yawa ke ci da ita, kuma take cinye dajin da ta dogara da shi, ta cancanci samun wanda ya san ta ciki da waje a zauren Lugard, inda 'yan majalisar jiha 34 ke zama. Biyu daga cikin kujerun nan na Birnin Gwari ne: Magajin Gari da Kakangi.

Dillalin gawayi ya san abin da takardun ofis ba su ɗauke da shi. Ya san dalilin da ya sa gatari ke fara faɗa wa ƙirya da marke, domin gawayinsu ya fi nauyi da daɗewa a wuta. Ya san yadda ake tara itace, a rufe shi da ganye da ƙasa, a bar wuta tana cinsa kwanaki, sannan abin da za a kwasa da wuya ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin itacen. Ya san cewa duk lokacin da iskar gas da kananzir suka yi tsada, uwargida a Rigasa ko Tudun Wada kan koma ga kurfoti, kuma daji ne ke biyan bashin.

A 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta haramta sare itatuwa a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro. A Nuwamban 2024 kuma Gwamna Uba Sani ya je garin ya sake buɗe kasuwar shanu bayan sulhu da 'yan bindiga. Muna fatan zaman lafiyar ya ɗore, amma idan hanya ta buɗe wa manomi, ta buɗe wa mai gatari ma. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 kuma ya zama gandun ƙasa a 1999, yana hannun gwamnatin tarayya. Sauran dazuzzukan kuwa dokar jiha ce ke kansu, wato aikin majalisa ne.

Tsarin mulki bai rufe wa ɗan kasuwa ƙofa ba: shekara 25, ilimin sakandare, da jam'iyyar da za ta tsayar da shi. Sai dai akwai abin tsoro. Wanda arzikinsa ya fito daga toka zai iya mayar da kujerar garkuwar abokan cinikinsa, a wayi gari an ba kura ajiyar nama.

Don haka idan irin wannan ɗan takara ya fito, shawarata ga masu zaɓe ita ce su tambaye shi a bainar jama'a: zai goyi bayan dokar da ta hana sare kaɗanya da ɗorawa? Zai yarda a ɗaura lasisin gawayi da dashen itace? Zai janye hannunsa daga cinikin muddin yana kan kujera? Wanda ya amsa ba tare da kwana-kwana ba, sanin dajinsa zai amfani jihar. Wanda ya kama kame-kame, gara a bar shi da buhunansa.