Fiyano ko Manhaja: Mene ne Situdiyon Gida?

Situdiyon gida ɗaki ne guda inda mawaƙi ke haɗa kiɗa da murya ba tare da ya tara makaɗa ba. Hanyoyin haɗa kiɗan biyu ne. Akwai fiyano, irin Yamaha PSR da ta raya waƙoƙin finafinan Hausa: da ka danna, ganga da sarewa sun fito. Akwai kuma manhaja, kamar FL Studio ko Cubase, mai ɗauke da ɗaruruwan sautuka cikin kwamfuta, inda ake goge kuskure da linzami.

Matashi mai ƙaramin jari, wanda wuta kan ɗauke masa ana tsakar ɗaukar murya, manhaja a laftof mai batir ta fi masa. Amma ya fara sayen makirfo mai kyau, domin manhaja ba ta iya wanke muryar da ta lalace tun wurin ɗauka gaba ɗaya.