Jadawalin Sinadarai a Kwamfuta da Matsalar Sunaye

Jadawalin sinadarai shi ne allon nan mai gidaje 118 da ake liƙawa a bangon ajin kimiyya. Wani masani ɗan Rasha, Dimitiri Mendelef, ya tsara shi a 1869, lokacin sinadarai 63 kaɗai aka sani. Ya bar wasu gidaje babu kome, ya ce masu su suna nan tafe. Haka kuwa aka yi, domin a 1875 an gano galiyom a Faransa, ya zauna daidai gurbin da aka bar masa.

Hikimar jadawalin ita ce, kowane gida yana da dalilin zamansa a inda yake. A takarda wannan ba ya fitowa sosai, sai ɗalibi ya koma ga hadda. A kwamfuta kuwa yana iya taɓawa ya gani. Shirin PhET na Jami'ar Kolorado a Amurka, wanda aka fara a 2002, yana da wani darasi kyauta inda ɗalibi ke gina atom da kansa. In ya sa furoton shida, gidan kabon ya haska. In ya ƙara ɗaya, sai hasken ya matsa gida na bakwai. Ana iya sauke darasin a yi aiki da shi ba intanet, abin da ke da muhimmanci a gari kamar Injamena, inda ake yawan ɗauke wuta.

To, ina ruwan ɗalibin harshe da wannan? Ku dubi yaro Bahaushe a unguwar Amrigebe. Hausa yake yi a gida, Larabcin Chadi a kasuwa, Faransanci a aji. Malam ya ce "sodium", allo kuma ya nuna Na. Kwamfuta za ta nuna masa sinadarin yana tafasa a ruwa, amma ba za ta gaya masa cewa Na daga "natrium" take ba, kalmar da ta fito daga sunan kanwa, wadda Larabawa ke kira naɗrun. Wato kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi, wadda mahaifiyarsa ke sa wa wake, ita ta ba gida na 11 alamarsa. A nan ne mai fassara yakan zame: a Turancin Nijeriya ana ce wa kanwa "potash", alhali sodiyom ne jigonta. Fotasiyom gidansa na 19, alamarsa K, daga kalmar Larabci mai nufin tokar tsirrai.

Saboda haka, wanda zai mayar da irin wannan darasi Hausa sai ya tsaya kan sunaye. Zinariya, azurfa, dalma, zaiba da farar wuta duk muna da su, babu dalilin aro. Tagulla ce mai rikici, don ana kiran gaurayen ƙarfe ma da ita. A ganina jan ƙarfe ya fi dacewa da gidan Cu.