Gargaɗi ga Jama'ar Gwandu da Kalgo: A Dakata da Goge Imel da Yi wa Kwamfuta Fomatin

Wannan kira ne ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo da malamansu, da ma'aikatan ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, da masu shagunan kwamfuta da ke cike wa yara fom. Duk mai buɗe imel ɗaya a waya da laftof da kwamfutar ofis, ya dakata. Kada ya goge saƙo don neman fili, kada kuma ya miƙa kwamfutarsa a yi mata fomatin, sai ya tabbatar da inda saƙonninsa ke ajiye.

Maganar ta gaggawa ce. Kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, bayan ya yi watsi da tsohuwar manhajar Mail a ƙarshen 2024. Tsofaffin kwamfutoci da yawa za su je wurin masu gyara, wata a saka mata Windows 11, wadda ba za ta ɗauka ba a saka mata Linux. Mai gyara zai kwafe maka hotuna da takardu. Imel ba ya cikin lissafinsa, domin kowa ya ɗauka a intanet yake zaune.

Ba kullum ba ne. Hanya biyu manhajoji irin su Outlook da Thunderbird ke bi su kawo maka saƙo. Ta farko, POP, kamar mai ɗebe hatsi ce daga rumbu ya kai ɗakinsa: abin da ya ɗiba ya bar rumbun. Outlook kan bar kwafi a uwar garke na kwana 14 kawai idan ba a canza saitin ba, daga nan saƙon ba ya ko'ina sai cikin wani fayil mai suna PST a kwamfutar nan. Thunderbird kuwa a ɓoyayyiyar jaka take ajiye nata, inda mai gyara ba zai leƙa ba sai an ce masa. Ofisoshin da aka haɗa wa imel shekaru da dama da suka wuce su ne suka fi shiga wannan haɗari. A yi fomatin yau, wasiƙun shekara goma sun tafi, kuma in uwar garke ba ta riƙe kwafi ba, ba ta da abin da za ta mayar maka.

Ta biyu, IMAP, ita ce yawancin wayoyi ke bi. Rumbun ɗaya ne, kowace na'ura ƙofa ce kawai. Wanda wayarsa ta cika ya zauna yana goge tsofaffin saƙonni, da tunanin ai suna nan a laftof, to daga laftof ɗin ma ya goge su. Gmail na riƙe abin da aka goge a kwandon shara kwana 30, bayan haka sai haƙuri. Abin takaicin ma shi ne, wannan gogewar ba wani fili take sama wa waya ba. Bidiyo ne ke cinye ta. In kana son imel ya bar wata waya, cire asusun daga wayar, kada ka taɓa saƙonnin.

Sai ku samarin da ke karatun kwamfuta, masu Windows da Linux a laftof ɗaya. Dabarar nan ta ajiye jakar Thunderbird a ɓangaren faifai guda, ko a filash, don kowane ɓangare ya riƙa karantawa, tana da kyau a ido amma ba ta dace da ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama ba. Thunderbird na tara duk saƙonnin akwati guda cikin fayil ɗaya. Batiri ya mutu ana cikin rubutu a kansa, ba saƙo ɗaya ke cikin haɗari ba, akwatin ne gaba ɗaya. Windows kuma, in saitin saurin tashi na kunne, ba ya sakin faifai sarai idan an kashe shi. Linux ya zo ya tarar da shi a kulle, wanda ya tilasta rubutu a kai ya jawo wa kansa. Filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. In Thunderbird ta ɓangare ɗaya ta fi ta ɗayan sabunta, tsohuwar na iya ƙin buɗe jakar. Fayil ɗin PST kuwa na Outlook ne, Thunderbird ba ta buɗe shi kai tsaye. A ganina wahalar ba ta da riba: kowane ɓangare ya sami jakarsa, IMAP ya haɗa su.

Akwai kuma cikar akwati, wadda ta fi shafar talaka mai waya ɗaya. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta na Gmail ne da Drive da Photos a haɗe, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shigo cikin lissafin. Bidiyon biki da na wa'azi da na barkwanci da ake turowa a guruf duk suna cin rabon imel. Da zarar ya cika, saƙo ba ya fita, wanda aka turo maka kuma komawa yake ga mai shi. Ɗalibin da ke jiran saƙo daga JAMB, ko NELFUND, ko NYSC, zai yi ta jira bai san ƙofa ta rufe ba. Ku shiga saitin WhatsApp ku cire bidiyo daga ajiyar, ku rage manyan fayiloli a Drive da Photos, sannan ku zubar da kwandon shara, domin abin da ke cikinsa ma ana lissafa shi.

Iyaye, ku bincika imel ɗin da aka buɗe wa 'ya'yanku a shago lokacin rajista. Lambar wayar wa aka saka? In ta mai shago ce, a mayar da ta gida yau, a canza kalmar sirri, a shiga shafin tsaro na asusun a fitar da duk na'urar da ba a sani ba. Imel ɗin da aka bari a buɗe a kwamfutar shago, duk wanda ya zauna bayanka na iya gogewa, kuma gogewar za ta bi ka har wayarka. A riƙa kuma buɗe shi lokaci-lokaci: tun Disamba 2023 Google ke da damar share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Kafin kowace kwamfuta ta tafi gyara, a duba saitin asusun a ga ko POP ne ko IMAP. A kwafe fayil ɗin PST ko jakar Thunderbird zuwa wani faifai dabam, bayan an rufe manhajar. Masu Gmail su sauke kwafin akwatinsu ta Google Takeout; fayil ɗin mbox yake bayarwa, wanda Thunderbird ke iya karantawa a Windows da Linux da Mac. Ku kuma masu gyara, don Allah kada ku danna fomatin sai mai kwamfuta ya buɗe kwafin a wata na'ura ya ga saƙonninsa da idonsa.