Allurar PRP Don Ciwon Baya: Shin Ta Cancanci Kuɗinta?

A Unguwar Mu'azu ta Kaduna, tela da ɗan dako da akawun da ke wuni bisa kujera duk sun san ciwon baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da shi a 2020.

Cikin magungunan da ake yayatawa har da allurar PRP. Likita yakan ɗebi jinin majiyyaci, ya juya shi cikin na'ura har ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa su taru wuri guda, sa'an nan ya ɗura su cikin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, da fatan su gyara abin da ya lalace.

To, tana aiki? Masana ba su yi ittifaƙi ba. A 2016 wani gwaji da mutum 47 a birnin New York ya nuna an sami sauƙi bayan mako takwas. Amma a 2022 wani gwaji a ƙasar Holan ya nuna ba ta fi allurar ruwan gishiri ba. Ga tsada kuma.

Abin da Hukumar ta ba da shawara a kai a 2023 shi ne motsa jiki bisa tsari, ta kuma hana dogaro da ɗamarar ƙugu da ƙwayoyi masu sa maye, dangin Tramadol.

Wanda ciwonsa ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ya hanzarta zuwa Asibitin Barau Dikko ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Tarin fuka yakan ci ƙashin baya, allurar jini kuwa ba ta kashe shi.